Rodin da Ka Bari a Sama

Na Allah ne mu, kuma wurinSa kowa ya dosa. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Yuni, Allah ya karɓi ran mijin yayata, wanda duk unguwa ta sani da Mai Bene, bayan gajeriyar jinya. Ya rasu a ɗakinsa, a hawa na uku na gidan hayar da ya gina, yana da shekara sittin da 'yan kai. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar da jikoki, da shagon kayan wutar lantarki, da abokan jari biyu, da kuma tsirin rodi a saman ginin suna kallon sama. Dole in sa rodin cikin abin da ya bari, domin tun da aka dawo daga maƙabarta babu abin da aka fi magana a kansa kamarsu.

Mai Bene, ka san ni ba gwanin kuka ba ne. Aikina shafin tattalin arziki a jarida, kuma aikin ya koya mini in ajiye zuciya gefe kafin in ɗauki alƙalami. Na zauna in rubuta maka irin abin da ake rubuta wa mamaci, sai na tarar haushi ya riga baƙin ciki zama a kujerar. Ka yi haƙuri da ni. Kai ma da za a karanta maka takarda daga hannuna babu gardama a ciki, cewa za ka yi wani ne ya rubuta mini.

Bari in fara da matakala, tunda ta nan muka fito da kai. Duk wanda ya taɓa shiga gidan ya san faɗinta ya wuce misali. Mutum uku na iya jerawa su hau ba wanda ya gogi wani. Lokacin da magini ke auna ta na ce maka wannan ɓarnar fili ce, domin wurin da ta cinye a kowane hawa ya isa a fitar da ɗaki, ɗakin kuwa kuɗin haya ne duk shekara. Sai ka ba ni labarin gidan da ka fara haya kana saurayi, inda wani tsoho maƙwabcinka ya rasu a sama, makara ta ƙi juyawa a kwanar matakala, aka naɗe shi a tabarma aka sauko da shi a tsaye kamar buhu. Ka ce tun ranar ka ƙudura ɗan hayarka ba zai fita haka ba. Na ce ai 'yan haya ba mutuwa suke zuwa yi ba. Ka ce, “To ina suke zuwa yin ta, Ba-riba? A ofishinku?” Ba-riba shi ne sunan da ka laƙaba mini, har jikokinka suka taso suna zaton shi aka raɗa mini. Ranar Talata makararka ta juya a kowace kwana ba ta taɓa bango ba. Na lura da haka ina ɗauke da ita a kafaɗa. Har yanzu ina nan a kan bakana cewa an yi asarar ɗakuna, sai dai ban san wanda zan gaya wa ba.

Ina sakandare ka auri Yaya. Daga ranar ka mayar da gidanmu naka: kai ka sake wa mahaifiyarmu wayoyin wutar ɗakinta da hannunka, kai ka tsaya a kan jinyar mahaifinmu lokacin da mu 'ya'yansa ba mu kai mu tsaya ba, kai ka raka ni tasha ranar da zan tafi jami'a, ka cusa mini fitilar karatu a jaka kana cewa mai wahalar da mutane da tambaya gara a tura shi nesa. Da na fara aikin jarida ba ka taɓa fashin sayen ta ba. Kakan karanta shafina tun daga sama har ƙasa, ka kira ni ka gaya mini inda na yi kuskure, sannan ka yayyage shi ka naɗe ƙwan fitila da shi. Na taɓa zuwa gidan wani abokin aikina na ga rabin sharhina a kan hauhawar farashi an warware shi daga jikin ƙwai an jefar. Da na yi maka ƙorafi ka ce in gode, ta hannunka ne kaɗai rubutuna ke shiga gidaje yana kawo haske.

Filin ginin ka saye shi tun wurin yana gonaki, da kuɗin da yau ba zai sayi ƙofa ba. Da gari ya cim masa, sai tunanin bene ya shige ka. Ba ka je banki ba, ka ce ba za ka kwana da kuɗin ruwa ba. Ka nemi mutum biyu da suka yarda da kai fiye da yadda suka yarda da kansu: Sista, tsohuwar ma'aikaciyar jinya wadda ta karɓi haihuwar duk 'ya'yanka, da Hedimasta, abokinka na yarinta. Dukansu biyu sun ajiye aiki a lokacin, kuma kuɗin sallamarsu suka miƙa maka. Ka zana musu hawa huɗu, sassa huɗu a kowane hawa, ka faɗa musu maganar da ta zame mana igiya a wuya har yau: hawa ukun farko na mayar da uwar kuɗi ne, na huɗun shi ne riba.

Abin da na gaya muku a lokacin ba wani zurfin ilimi ba ne. Kuɗin gini kasuwa ke yanka shi, kuɗin haya kuwa albashin ɗan haya ke yanka shi, kuma su biyun ba tafiya ɗaya suke yi ba. Siminti da rodi da katako na iya tashi sau da yawa cikin shekara, alhali malamin makarantar da zai kama sashen sai ya daɗe albashinsa na nan inda yake. Mai gini da farashin yau yake sayen kaya, ya karɓi haya daga aljihun bara. Sannan abin da ke shigowa ba duka ne nasa ba. Akwai injin ruwan da ke ƙonewa, da kwashe ramin banɗaki, da fenti duk lokacin da wani ya tashi, da haraji, da la'adar dillali, da watannin da sashe zai zauna a kulle ba kowa. In aka cire waɗannan, abin da ya rage sau da yawa bai kai abin da kuɗin za su haifa ba da a kasuwanci aka bar su, kuma mai shi zai jira shekaru kafin uwar kuɗin ta dawo. Na ce saurayi na iya wannan jiran. Sista ba za ta iya ba.

Ka ce kuɗi a hannu narkewa suke yi kamar ƙanƙara, bulo kuwa ba ya narkewa. Na ba ka rabin gaskiya a ranar, kuma yau ma na ba ka. Darajar kuɗi ta zube a shekarun nan, ginin yana tsaye, in da za a sayar da shi yau zai yi kuɗin da ba ku taɓa hasashe ba. Amma wannan darajar a baki take. Sista ba ta iya ɓantarar kusurwar falo ta kai kantin magani. Gini irin wannan yana yi wa mutum rana ne idan ya samu fili da araha, yana da kuɗin gamawa a hannu kafin ya fara, kuma yana da idon da zai kalli ɗan haya ya ce ya biya. Na farkon kaɗai kake da shi.

Kuɗin suka ƙare a hawa na uku, daidai lokacin da siminti ya yi tsallen da bai sake saukowa ba. Mai hankali a nan zai ɗora katako ya buga kwano ya ce alhamdu lillahi. Kai sai ka zuba kankare a sama a matsayin daɓen hawa na huɗu, ka bar rodin ginshiƙai a tsaye, ka kifa wa kowanne tsohuwar robar ruwa a ka wai kada tsatsa ta ci shi. Daga nan babu baƙon da ya tsira. Ko barka mutum ya zo yi sai ka hau da shi can, ka tsayar da shi a rana kana nuna masa iska. “Nan falo, nan kicin. Kauce, Ba-riba, a banɗakin mutane kake tsaye.” Duk rani kakan ce bana ne. Kakan tara abin da ka tara, ka je kasuwa, ka tarar farashi ya riga ka, ka dawo da bulo 'yan kaɗan ka jibge a gefen gida, ka ce baɗi. Fiye da shekara goma ana wannan.

Shi kuwa kankaren an zuba shi ne don a taka, ba don ya tare ruwan sama ba. Rana ta tsattsaga shi, tsatsa ta bi rodin ta buɗe wa ruwa hanya, sashen da ke kusurwar gabas a hawa na uku ya fara yoyo. Ɗan haya na farko ya tashi, na biyu bai gama damina ba. Ka yi ta shafe-shafen kwalta da siminti, kowace shekara ruwan ya nemi sabuwar kafa. A nan ne ka yi abin da har yau ban san ko in yaba ba ko in yi kuka: ka kwashe iyalinka daga ɗan gidanku mai rufin kwano wanda bai taɓa ɗiga ba, ka sa su a sashen da kowa ya guda, kana biyan haya kamar kowa, don kada kason Sista da Hedimasta ya ragu. Jama'a suka ce ba a taɓa ganin amana irin taka ba. Gaskiya ne. Sai dai ba kai ke wuni a gidan ba.

Yaya ce ke wuni. Ita ta san yawan robobin da falon ke ci in ruwa ya zo daga gabas, da yawan da yake ci in ya miƙe. Daga ƙarar ɗigo take gane wadda ta kusa cika. Gadonku ya zagaye ɗakin yana neman busasshen wuri, akwatunan kayanta suna lulluɓe da leda rabin shekara, bango ya yi baƙi, tarin da take yi duk damina ya zama kamar ɗan gida. Na roƙe ka ka rufa ginin ban san iyaka ba. Na roƙe ka da wasa, na roƙe ka da faɗa, na taɓa rubuta sharhi guda a kan ginin da ba a gamawa, kowa a gidan ya san da wa nake. Ka naɗe ƙwai da shi. Sau ɗaya kawai ka ba ni amsa ta gaskiya, muna saukowa daga saman bayan ka gama nuna wa wani iska. Ka ce buga kwano yana nufin yanke rodin, yanke rodin kuwa yana nufin ka je ka tsaya gaban Sista ka ce mata ribar da ka yi mata alkawari ba ta zuwa. Ka ce, “Matar da ta ba ni kuɗin tsufanta ba ta ko nemi takarda ba. Da wane bakin?” Ashe ba taurin kai ne kaɗai ba, kunya ce. Wannan bai rage mini haushi ba, ƙara shi ya yi, domin taurin kai ana iya gardama da shi.

Da ma a ce sauran sassan suna kawo abin kirki. Amma ka kafa wa kanka doka cewa ba ka ƙara wa mutum haya a shekarar da aka yi masa haihuwa ko rasuwa, sannan ka cika gidan da sababbin aure. Babu shekarar da ba a yi suna a benen nan ba. Kakan aiki ɗanka karɓar haya, kafin ya kai hawa na biyu ka kira shi ya dawo, wai ka tuna mutumin bai ji daɗi ba kwanan nan. Wutar kowane sashe kai ke gyarawa, da wayarka da makunninka, ba ka taɓa sa su a lissafi ba. Telan da ke hawa na ɗaya ya gaya mini a wurin jana'iza cewa shekarar da kekensa ya lalace kai ka kai shi gyara, ka ce mai haya ba ya biya in ba ya ɗinki. Wata mata da ta bar gidan tun da daɗewa ta yi tafiyar wuni guda don ta yi gaisuwa. Ta ce lokacin da mijinta ya rasu ka hana kowa yi mata maganar haya har ta samu inda za ta koma. Layin sallarka ya cika da mutanen da suka taɓa riƙe makullinka. Ban taɓa ganin mai gidan haya da 'yan hayarsa suka yi wa kuka haka ba, kuma a matsayina na mai duba harkar jari na san dalili: kai ba mai gidan haya ba ne, kawun jama'a ne da ya yi kuskuren mallakar bene. Giɓin da wannan alheri ya bari kuwa daga shago kake cike shi, ka kai wa Sista da Hedimasta a matsayin kuɗin haya.

Ganina da kai na ƙarshe ana gobe za ka rasu ne, da la'asar. Numfashi yana yi maka wuya, Yaya na yi maka fifita. Na zauna na riƙe hannunka ina neman abin da zan ce. Ka buɗe ido ka dube ni ka ce, “Nawa buhu yau?” Na gaya maka kuɗin siminti. Ka rufe ido ka ce, “Zai sauko.” Ban yi musu ba, kuma ina jin wannan ne kaɗai karon da na ƙyale ka.

Sai zaman makoki. Mai Bene, da ka ga abin da aka yi da sunanka. Duk wanda ya shafa addu'a sai ya ɗaga kai ya kalli rodin ya ce a daure a cika masa burinsa. Masu faɗin haka har da waɗanda suka bar gidan da haya a kansu. Har da dillalin da ya riga ya samo wanda zai sayi shagonka. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ce ga nasa buhun. Babban ɗanka, wanda ya gaji zuciyarka bai gaji shekarunka ba, ya miƙe cikin mutane ya ce in Allah ya yarda kafin shekara ta zagayo hawa na huɗu zai tsaya, ko da shagon za a sayar. Aka yi ta sa masa albarka. Ni kuma ina zaune ina duban sama, domin hadarin farko ya riga ya fara haɗuwa, kuma babu wanda ya tuna cewa Yaya ta shiga takaba. A wannan sashen za ta yi ta, kuma damina ce gaba ɗayanta. In aka ce za a hau, babu rufi bana, babu baɗi, kuma shagon da ke ciyar da ita ya tafi.

Ranar Asabar aka yi zaman yanke shawara. Da farko a shago aka shirya, Yaya ta aiko cewa ita mai takaba ce, duk mai magana a kan rufin da take kwana a ƙarƙashinsa ya hawo. Muka hawo bayan azahar: ni, da babban ɗanka, da Hedimasta, da Sista tana hutawa a kowane hawa. Yaya na zaune a bakin ƙofar uwar ɗaki.

Hedimasta ya fara, da muryar da yake yi wa ɗalibai jawabi. Ya ce tushen ginin na hawa huɗu aka haƙa, in aka tsaya a uku kuɗin tushen ya tafi a banza. Na ce kuɗin tushen ya riga ya tafi ko an hau ko ba a hau ba. Abin tambaya shi ne sabon kuɗin da za a zuba, da abin da zai dawo da shi. Na ce sassan sama su ne mafi arahar haya don ba mai son hawa, sai an sake injin ruwa, sai an fasa ginshiƙai an ɗaura sabon rodi a kan wanda tsatsa ta ci, kuma kuɗin shagon ba zai kai su ko rabin bango ba.

Ɗanka ya ce, “Kawu, kai tun yana raye ba ka son ginin nan. Yanzu ya kwanta ka samu fili.”

Na ce masa ginin ba ruwana da shi, uwarsa nake so.

Muna cikin haka ruwa ya sauko. Ba a jima ba ɗigo ya fara sauka a hular Hedimasta. Yaya ta tura masa roba da ƙafa ta ce, “Malam, matsa hagu kaɗan. A'a, nan ma akwai. Sai dai ka riƙe ta a cinya.” Ya riƙe, ya ci gaba da bayanin tushe, ruwa na ƙara a cikin robar. Da ya kai aya sai Yaya ta gyara mayafinta.

Ta ce, “Kun gama? To ni ga abin da na sani. Hawa na huɗun nan babu wanda ya zauna da shi sai ni. Ban taɓa matsa masa ba, don na ga abin da ke cin sa. Ba ya iya duban idon Sista. To ya tafi da kunyarsa, ni bai bar mini ita ba. Sista, ribar nan ba ta zuwa. Ki yafe masa.”

Sista ta yi wata 'yar dariya tana share ido. Ta ce, “Yo ni yaushe rabon da in sa rai? Kuɗin da yake kawo mini a ledar shago suke zuwa, wata rana har da ƙusa a ciki. Na san ba haya ba ce. Sau nawa na hawo nan zan ce masa ya rufa gidan ya huta, in na ga yadda yake nuna mini ɗakunan sai in kasa. Na ce kada ya ɗauka na daina yarda da shi.”

Yaya ta dube ta ta ce, “Wato ku biyu kuna ta jin kunyar juna, ni ina kwashe ruwa.”

Ta juya ga ɗanta, ba ta kira sunansa ba kamar yadda ba ta taɓa kira ba, ta ce, “Kai kuma, shagon nan ne ya yi maka makaranta, ba benen ba. Ba a sayarwa.” Hedimasta ya leƙa robar da ke cinyarsa ya ce to a rufa, amma a san cewa na ɗan lokaci ne. Sista ta ce ya rubuta haka a allo. Ɗanka ya tashi ya fita.

Ka ji, Mai Bene. Maganar da ka kasa faɗa fiye da shekara goma, matar da kake tsoron gaya wa tana riƙe da irinta a baki, kuna gaisawa kullum. Kofin shayi ɗaya ya isa ku gama ta. Wannan shi ne abin da na kasa haɗiyewa, ya fi mini lissafin siminti ciwo.

An sayar da bulon da ka jibge, aka sayi katako da kwano. Ranar Litinin mai walda ya hau ya yanke rodin, ni na tsaya a kansa. Ba aikin daɗi ba ne, kuma ban ji kamar wanda ya ci gardama ba. Ɗanka bai hawo ba; ya kulle shago ranar, kuma har yau in na yi masa sallama ciki-ciki yake amsawa. Ina jin abin da yake ji. A wurinsa ba ƙarfe aka yanke ba. Kafinta ya ce in sama ta ba shi kwana kaɗan zai gama.

Masu karatu sukan aiko mini da tambaya ko gina gidan haya mai sassa da yawa jari ne mai kyau a wannan zamani. Amsata ba ta sauya ba: ga mafi yawan masu ƙaramin ƙarfi, wurin ajiye dukiya ne, ba wurin samun abin cefane ba, kuma wanda ba shi da kuɗin rufi kada ya haƙa tushe. Abin da zan ƙara a yau shi ne, in za ku haɗa jari da wanda kuke jin nauyinsa, ku sa ranar da za ku zauna ku gaya wa juna abin da ba daɗi, tun kafin a sauke yashi. Gari na bukatar gidaje, wannan mamacin ya fi ni gaskiya a kai. Iyalai da yawa sun yi rayuwa mai mutunci a ƙarƙashin ginin nan. Sai dai wani ne ya biya, kuma ba shi kaɗai ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Sista da Hedimasta, waɗanda suka rasa aboki kafin abokin jari. Ga 'yan hayar gidan na da da na yanzu. Ga 'ya'yansa da jikokinsa, musamman babbansu, wanda ƙofata ke buɗe gare shi duk ranar da ya huce, ko da faɗa zai zo yi. Ga Yaya kuma, wadda na ji tana gaya wa masu gaisuwa cewa bai taɓa ɗaga mata murya ba, kuma gaskiya take faɗa: Allah ya ba ki haƙuri, ya ba ki lafiya, ya sa ki ƙarasa takabarki a busasshen ɗaki.

Kai kuma Mai Bene, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yalwata maka kabarinka ya haskaka shi. Allah ya karɓi kowace haya da ka yafe, da kowace waya da ka ɗaura ba ka karɓi ko sisi ba, ya sa su a ma'auninka inda babu abin da ke narkewa. Abin da ka ɗora wa iyalinka ba da nufin cuta ba, mai haƙƙin ta ce ta yafe, a gabana ta faɗa. Allah ya ba ka gida a Aljanna gamamme, wanda ko kai ba za ka samu inda za ka ƙara hawa ba. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.